Ina Iyakar Ƙaddara a Shagon Mai Gyaran Kwamfuta?

Akwai wani saƙo da kwamfuta mai Windows kan fitar idan an sa ta yin kwafin ko-ta-kwana, wanda mu masu gyara muke kira bakof. Aikin zai fara lafiya, koren layin nan yana tafiya, ya kai rabi ko ya ɗan wuce, sai ya tsaya cak. Can sai wani ɗan akwati ya ɓullo da lamba 0x80070017, wani lokaci kuma 0x8007045D. Yawancin mutane ba sa ko karanta shi. Su danna su rufe, su ce na'urar ce ta fara halinta, gobe a sake gwadawa. Ni kuwa duk cikin saƙonnin da kwamfuta ke fitarwa babu wanda nake ganin girmansa kamar wannan, domin a nan ne take gaya wa mai ita gaskiyar da ba ya son ji.

Faifan ajiya irin mai juyawa wasu farantai ne masu sheƙi da ke zagayawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansu ba tare da ya taɓa su ba. An rarraba fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, a sababbin faifai kuma 4096. Duk gurbin da aka rubuta wa wani abu, faifan kan ƙara masa wasu lambobi a gefe, waɗanda ya lissafo daga abin da aka rubuta ɗin. Ranar da aka zo karantawa sai ya sake lissafin, ya auna da na gefen. In sun dace ya miƙa. In kuskuren ɗan kaɗan ne, lambobin nan sun ishe shi ya gyara da kansa, ba wanda zai sani. In ɓarnar ta yi yawa sai ya koma ya sake karantawa, ya sake, ya sake, kuma wannan ne lokacin da za ka ga kwamfuta ta sandare, ko linzami ba ya motsi. Daga ƙarshe sai ya haƙura ya sanar cewa abin da ke gurbin nan ba shi aka ba shi ajiya ba, kuma ba zai miƙa shi da sunan shi ne ba. Manhajar bakof ta ji haka ta dakata. Masana lissafi ne suka gina wannan hali a cikin na'ura da gangan: Richard Hamming ya wallafa hanyar gano kuskure da gyara shi a 1950, W. Wesley Peterson kuma ya kawo lissafin da ake kira CRC a 1961, kuma sunan wannan lissafi ne ke fitowa a cikin saƙon nan mai lamba 0x80070017.

Don haka faifan da ya tsaya ya yi ƙorafi ba shi ne mugu ba. Mugun shi ne filas ɗin jabu da ake rubuta wa giga 64 a jiki alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Shi ba ya ƙorafi ko kaɗan. Duk abin da ka zuba masa zai karɓa, ya nuna maka sunayen fayiloli reras, da girmansu da kwanan watansu, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar babu komai a ciki. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika filas da rubutu ta sake karantawa don tona asirin irin waɗannan, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya damƙa wa sabon filas wani abu mai daraja kafin ya yi masa wannan gwaji ba.

Idan saƙon ya fito, abin da mai gyara zai fara nema shi ne daga wane ɓangare matsalar take. Tana iya zama faifan cikin kwamfutar da ake kwafowa daga gare shi, tana iya zama na waje da ake zubawa, wani lokaci ma wayar da ke haɗa su ce kawai ta sassauce ko ta tsufa. Windows tana riƙe da kundin abubuwan da suka faru, kuma in ka ga shigarwa mai lamba 7 daga sashen faifai, to ta ci karo da gurbi marar kyau, za ta ma gaya maka a faifai na nawa ne. Shi ma faifan yana riƙe da lissafin lafiyar kansa, tsarin da ake kira SMART. Ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka shuɗi in lafiya, rawaya in a yi hattara, ja in abu ya ɓaci. Layi na 5 yana ƙirga guraben da suka mutu aka musanya su da na ajiye. Layi na 197 yana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ake jiran a ga yadda za a yi da su. In 199 ne kaɗai ke hawa, fara da canza waya. Dalilan lalacewar kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu: a ɗauke wuta kwamfuta na tsakiyar rubutu, a ɗauki laftof tana kunne a jefa a jaka a hau adaidaita, ko a sayo ta hannu wadda faifanta ya riga ya ci dubban awoyi yana aiki a wata ƙasa kafin ya iso nan.

Wannan duk sana'a ce, ana koyonta a 'yan watanni. Abin da ya fi tsaya mini a rai kalma ce da ake faɗa a gaban teburina bayan an gama duba waɗannan lambobi.

Wani Alhaji mai sayar da yadi a sari ya taɓa zuwa da kansa, shi da matashin da ke riƙe masa lissafi, ɗauke da kwamfutar shago da faifan waje. Yana ba ƙananan 'yan kasuwa kaya bashi, su sayar su kawo kuɗi, kuma kowane wata yana da fayil ɗinsa na Excel: wane ya ɗauki bandir kaza, ya kawo kaza, saura kaza. Kwamfutar ta daina tashi. Alhaji bai damu sosai ba, domin ya sayi faifan waje tun tuni, kuma an saita masa bakof yana yin kansa duk mako. Da na ciro faifan cikin na haɗa shi da tawa kwamfutar, sai ga rawaya, layi na 197 cike da lamba. Na duba na wajen, lafiyarsa ƙalau, sai dai kwafin ƙarshe da ya kammala ya yi watanni. Tun daga lokacin kowane mako aikin na farawa, ya iso gurbin da ya lalace, ya tsaya, ya fitar da saƙo.

Na juya wurin matashin na ce, "Malam, akwai wani ɗan akwati da ke fitowa da wata doguwar lamba, ka taɓa ganinsa?"

Ya ce, "Yana fitowa, Oga. To amma kwamfutar tana aikinta, sai in rufe shi."

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya yi salati, ya ce, "To, haka Allah Ya ƙaddara. Yi abin da za ka iya, Malam." Matashin, wanda duk jikinsa ya yi sanyi, ya karɓe da sauri: "Wallahi Alhaji ƙaddara ce, babu yadda za a yi."

Magana ɗaya ce ta fito daga baki biyu, amma ban ji ta iri ɗaya ba. A bakin Alhaji ta yi mini kyau ƙwarai. Mutum ne da asara ta faɗo wa, bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, ya mayar da lamarin ga Mai shi, kuma a numfashi ɗaya ya ce a yi abin da za a iya. A bakin matashin kuwa sai ta zama garkuwa. Ba ƙarya ya yi ba, domin babu abin da ke faruwa a duniyar nan wajen ƙaddarar Allah, har da rufe akwatin da ya yi ta yi da hannunsa. Amma rabin maganarsa na biyu, cewa babu yadda za a yi, wannan ba haka ba ne. Akwai yadda za a yi, kuma an yi ta gaya masa duk mako.

Malamai sun daɗe da warware wannan. Ƙa'idar da suka fitar, wadda sukan kawo idan suna sharhin hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, ita ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kafa ta don wanke laifin da ya aikata. Wanda abu ya sama yana samun natsuwa da ita. Wanda ya yi sake abin da ke kansa shi ne ya amsa, ya nemi gafara, ya gyara. Idan aka cakuɗa biyun, sai imani da ƙaddara, wanda aka ba mu don zuciya ta huta, ya koma abin da ke hana mu koyon komai daga abin da ya same mu. Na ga shaguna da ofisoshi da suka yi asarar bayanai, aka ce ƙaddara, aka sayi sabon faifai, aka ci gaba daidai yadda ake, ba wanda ya tambayi me ya sa.

Sai dai kada a ɗauka duk mutuwar faifai sakaci ne. A watan Fabrairu na 2007 wasu injiniyoyin Google uku, Pinheiro da Weber da Barroso, suka fitar da sakamakon bibiyar faifai sama da 100,000 da kamfanin ke aiki da su. Sun gano cewa faifan da ya fara nuna kuskure a binciken fuskarsa ya fi wanda bai nuna ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Wato gargaɗin ba wasa ba ne. Amma kuma sun gano cewa kimanin kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna ko alama ɗaya a lissafin SMART ba. Shuɗi jiya, gawa yau. Ina son waɗannan alƙaluma biyu a haɗe, domin sun hana ni zama ɗaya daga cikin mutum biyu: wanda ke cewa komai ƙaddara ne don haka dubawa ɓata lokaci ne, da wanda ke ganin in ya ƙware sosai babu abin da zai same shi. Akwai rabon da aka sanar da kai aka ba ka lokaci, akwai kuma wanda zai zo ba sallama. Sababbin faifan SSD marasa farantai ma sukan tafi farat ɗaya, ba ƙara ba gunaguni.

To me ya rage wa mutum game da wanda ke zuwa ba sallama? Kwafi. Wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, don kada gobara ko ɓarawo su haɗa duka. Ƙa'ida ce mai kyau, amma Alhaji ma ai yana da kwafi a tunaninsa. Ya kashe kuɗi, ya sayi faifai, yana ganinsa kullum a kan tebur da 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Abin da yake da shi zato ne. Haka wanda ya jona foldarsa da intanet tana daidaita kanta: fayil ya lalace a nan, manhajar ta ɗauki lalataccen ta ɗora a kan mai kyau na can, in ba a kunna ajiye tsofaffin kwafi ba shi ke nan. Amintaccen mai kwafi yana kwafe kuskure da aminci irin wanda yake kwafe daidai.

Wannan ba ciwon ƙananan shaguna ba ne kaɗai. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, inda dubban masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, kusan giga 300. Suna da hanyoyin ko-ta-kwana har biyar. Da aka juya gare su babu wadda ta yi aiki yadda ake zato. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana kasawa saboda sigar manhajar da ke kwafin ba ta dace da ta rumbun ba, tana kuma aika saƙon imel cewa ta kasa, amma saƙon ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan don wata bukata daban, don haka aikin awa shida ya tafi. Sun fito fili sun bayyana komai, kuma da suka tambayi kansu me ya hana a riƙa gwada kwafin, amsar da suka bayar ita ce babu wani mutum takamaimai da aikin ke wuyansa.

Wannan amsa ta sa na sassauta wa matashin Alhaji a zuciyata. An ɗauke shi ne ya shigar da lissafi. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce wannan faifan amana ce a hannunka, in ka ga saƙo kaza ka sanar. Wanda ya saita bakof ɗin ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Alhaji ya dogara da faifan da ya saya. Kowa yana ganin wani ne ke lura. Sakacin ya rarrabu tsakanin mutum uku, shi ya sa da wuya wani ya ji nauyinsa, kuma shi ya sa kalmar ƙaddara ta zo da sauƙi.

Mu Musulmi bai kamata a ce sai wani ya koya mana wannan ba. Abu ɗaya tak aka yi mana alkawarin kiyaye shi daga sama, shi ne Alƙur'ani. Duk da haka, da aka kashe mahaddata da yawa a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar bai ce tunda akwai alkawari a zauna ba. Ya je ya matsa wa Sayyidina Abubakar har aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin tattarawa. Zaidu mahaddaci ne, marubucin wahayi ne, amma bai zauna ya rubuto daga kansa shi kaɗai ba. Ya bi abin da aka rubuta a kan zarben dabino da fararen duwatsu, ya haɗa da abin da ke ƙirazan mutane, kuma malaman tarihin mus'hafi sun ruwaito cewa ana neman shaidu biyu kafin a karɓi rubutu. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsa. Daga baya Sayyidina Usman ya karɓo su aka yi kwafi aka aika manyan garuruwa. Sahabbai sun fahimci cewa alkawarin Allah na kiyayewa yana cika ne ta hannun bayin da Ya tsayar su yi aikin, kuma suka so su zama su ne bayin.

Ba ina haɗa Littafin Allah da fayil ɗin yadi ba ne, Allah Ya kiyaye. Ɗabi'ar mutanen nake nunawa, kuma ɗabi'ar ta iso har ƙasarmu. Duk wanda ya tashi kusa da tsangaya ya san gardi ba ya rubuta allonsa ya jingine ya ce ya gama. Sai ya kai shi darasu, a karanta a gaban waɗanda suka fi shi, a kama masa wasalin da ya ɓace ko harafin da ya ƙaru. Alaramman da ya sauke ya haddace bai daina tilawa ba har ya mutu, domin ya san abin da ba a komawa kansa yana sulalewa ba tare da mai shi ya ji ba. Gwanaye ma suna riƙe da ƙididdigar sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza, kuma a ina, ta yadda in marubuci ya zame lissafin zai kama shi. A wurin waɗannan mutane ajiya ba ta cika da rubutawa, sai an koma an karanta an auna. Injiniyoyin Sun Microsystems da suka fitar da tsarin fayil na ZFS a 2005 sun sa masa aiki irin wannan: lokaci-lokaci ya bi duk abin da ke faifai ya karanta, ya auna da lambobin shaida, tun kafin wani ya bukaci fayil ɗin. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya bukatar ZFS. Ya isa a ce akwai mutum ɗaya da aka ambata da suna, wanda duk ƙarshen wata zai buɗe faifan waje a wata kwamfuta daban, ya zaɓi fayil biyu ko uku, ya ga sun buɗu kuma na kwanan nan ne.

Lissafin bashi kuwa ya fi ƙarfin a ce dukiyar mai shago ce kawai, in ya ga dama ya yi sake da ita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A cikin fayil ɗin nan akwai haƙƙin wanda ya biya rabi, wanda in rubutun ya ɓace za a iya sake tambayarsa abin da ya riga ya bayar. Akwai haƙƙin magada in mai shagon ya faɗi. Wanda ya rubuta bashi a wurin da bai tabbatar zai karantu ba, ya cika zahirin umarnin, manufarsa kuma tana nan a rataye.

Saura mu masu gyara, kuma a nan ne maganar ta fi matse ni. Babu wanda ya fi mu saurin cewa ƙaddara ce. Mutum ya kawo faifai yana numfashi sama-sama, ya dawo ya tarar ya mutu, a ce masa dama ya riga ya lalace, sai haƙuri. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma mai gyaran ne ya ƙarasa shi. Abin da hannun yawancinmu ya saba shi ne da an ga kuskure a buga umarnin chkdsk na Windows da harafin r a bar shi ya kwana yana aiki. Ita chkdsk an yi ta ne don ta daidaita tsarin fayil, ba don ta ceto bayanan mutum ba. A faifai mai lafiya da wuta ta ɗauke masa tana da amfani sosai. A faifan da ke mutuwa kuwa za ta tilasta masa karanta kowane gurbi na tsawon awoyi, tana kuma rubuta gyare-gyare a kan kwafi ɗaya tilo da ya rage, ta yanke abin da ba ta gane ba ta zuba a foldar FOUND.000 a gutsuttsure. Hanyar da ta dace ita ce kada a rubuta komai a kansa. A samo lafiyayyen faifai wanda ya kai shi girma ko ya fi, a kwafe faifan da ke mutuwa gaba ɗaya a kansa da manhajar ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu wahala tana rubuta inda ta tsallake, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su. Duk gyaran da za a yi a kan kwafin ake yi. In kuwa faifan yana ƙas-ƙas, a kashe shi nan take a gaya wa mai shi cewa aikin ya wuce na tebur irin namu.

Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta bambanta mutum biyu. Wanda aka ba ajiya don Allah amintacce ne, in abu ya salwanta a hannunsa ba ya biya sai in ya yi ta'adi. Masu sana'a kuwa, irin su maɗinki da marini da maƙeri, suna lamunce abin da suka karɓa suka tafi da shi bayan idon mai shi, ko da lada suke aikin ko babu. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa mai sana'a yana kuɓuta idan hujja ta tsaya cewa abin ya halaka ba da sababinsa ba, kuma Imam Shaɗibi ya kawo wannan hukunci a cikin misalan maslaha: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, ba kuma sa ganin abin da ake yi da su, to in aka ce da mai sana'a ya ce ya ɓace shi ke nan, dukiyar jama'a za ta tafi a banza. Fatawa aikin malamai ne, amma ni a karan kaina ina lissafa mai gyaran kwamfuta cikin waɗannan. Na buɗe shago, na kafa allo, mutane na barin kayansu su tafi, kuma ba su san bambancin chkdsk da ddrescue ba, ni na sani. Wannan sanin ne ya ɗora mini nauyi. In faifai ya mutu a hannuna bayan na bi hanyar da ta dace, musiba ce ta same mu ni da mai shi. In na bi gajeriyar hanya don ina sauri, ba ni da bakin ambaton ƙaddara a gabansa.

Shi ya sa ba na barin mai faifai ya tafi sai na haɗa shi a gabansa, na nuna masa launin da ya fito da lambobin, ya ɗauki hoton allon da wayarsa. In ja ne ya gani da idonsa tun kafin in taɓa komai. Wannan ita ce hujjata, kuma kariya ce gare shi ma, domin gobe ba zan iya ƙirƙiro masa labari ba. Dalili na biyu shi ne ko da na yarda zan biya, me zan biya? Faifai ana sayensa a kasuwa. Hotunan mahaifiyar da ta rasu, ko kundin digirin da aka shekara biyu ana rubutawa, ba su da farashin da alƙali zai yanka. Abin da ba a iya ramawa dole a fi yin taka-tsantsan da shi tun farko.

Faifan Alhaji ya ba da kusan komai. Da aka haɗa abin da ddrescue ta kwaso da tsohon kwafin da ke faifan waje, lissafin kowane wata ya dawo in ban da fayil ɗaya, na watan da ya gabaci azumi, lokacin da aka fi ɗaukar kaya. Guraben da suka mutu a tsakiyarsa suke, kuma ya ƙi buɗuwa ta kowace hanya. Na gaya masa haka ba tare da kwana-kwana ba. Ya tambaye ni ko akwai wata dabara da zan iya cike gurbin da ita, na ce duk lambar da zan saka a wurin tawa ce, ba tasa ba. Ya gyaɗa kai. Sai ya juya ga matashin ya ce ya ɗauki littafi da biro, ya bi duk wanda ya ɗauki kaya a watan nan ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu gaskiya cewa rubutun ya ɓace, ya tambayi kowa nawa ya ɗauka nawa ya kawo, kuma duk abin da mutum ya faɗa a rubuta shi haka, kada a ja da kowa.